Zenzi Mai Gyaran Tangaran

A garinmu da ke gefen kogin Amper, a yankin Bavariya na ƙasar Jamus, idan kofi ya faɗi mariƙinsa ya ɓalle, ko murfin kwanon miya na gado ya rabe biyu, ba a zubarwa. Sai a tattara gutsattsarin a cikin tsumma a ce, "A kai wa Zenzi." Sunanta na takarda Kreszenz Wimbauer, amma in ban da limamin coci da mai kawo wasiƙa babu mai kiranta haka. Gidanta yana ƙarshen layin da ke bayan tashar jirgin ƙasa, kuma a ɗakin girkinta take aiki, a teburin da ke jikin taga, da tabarau biyu ɗaya a kan ɗaya. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, ba ta da yawan magana. In ka kawo mata abu sai ta juya shi ta dubi ƙasansa, ta gaya maka inda aka yi shi, ta kuma gaya maka yadda aka yi ya fashe.

"Wannan farantin ba faɗuwa ya yi ba," ta taɓa ce wa matar mai burodi. "Jifa aka yi da shi."

"Kyanwa ce ta ture shi."

"To, kyanwar tana da ƙarfin hannu. Ki gaishe ta, ki ce ta rage daɗewa a mashaya."

Kowa ya san inda ta koyi aikin, kuma babu mai tambaya, don a garinmu akwai shekarun da ba a cika taɓa zancensu ba.

An haife ta a 1924, ita ce ta huɗu a cikin 'ya'ya shida. Ubanta yana haƙar baƙar ƙasar fadama, ya yanka ta kamar tubali, ya shanya, ya sayar wa masu hura wuta. Uwarta tana wankau. Abin da ya bambanta Zenzi da sauran yaran gidan shi ne hannunta ba ya rawa. Idan bikin Ista ya zo ita ake bai wa ƙwai ta yi musu zane, har maƙwabta suka fara aiko nasu. Da ta cika shekara goma sha shida, ana cikin yaƙi, malamarsu ta makaranta ta ce ana neman 'yan mata masu natsuwar hannu a masana'antar tangaran da ke bayan gari.

Masana'antar ta sojojin nan ce masu baƙaƙen kaya, na hannun daman gwamnatin 'yan Nazi, waɗanda suke riƙe da sansanin fursunoni. Katanga ɗaya ce ta raba su da sansanin. Ba kwanukan cin abinci ake yi a wurin ba. Kayan ado ake yi, farare tas: soja a kan doki, karen farauta, ɗan rago, 'yar barewa, mazaunin kyandir. Manyan gwamnati ne suke bai wa junansu kyauta, kuma a ƙasan kowanne akwai tambarin sojojin.

Zenzi ba ta taɓa ɓoye cewa ta yi murna da samun aikin ba. Ɗaki ne mai ɗumi, ga farar rigar aiki, ga albashi duk ƙarshen mako. Ranar da ta kawo na farko uwarta ta yi kuka, ta saya wa ƙannenta takalma. Kullum da safe takan bi ta gefen wayar sansanin a kan kekenta, ta ga mutane cikin kaya masu ratsi-ratsi an jera su a fili. Abin da ta koya shi ne ta zuba ido a kan tayar gaba har ta wuce. Haka kowa yake yi.

Aikinta haɗi ne. Ana zuba ruwan yumɓu mai kaurin kunu a cikin mazubi, in ya ɗan daskare a fito da shi gunduwa-gunduwa, jiki daban, ƙafafu daban, kunnuwa daban. Mai haɗi ne zai manna su tun suna da danshi, ya kankare layin da mazubi ya bari da 'yar wuƙa, ya shafe da soso, ya jera a kan katakonsa a kai tanderu. Kowa da katakonsa mai lamba, don a san hannun da ya yi kuskure.

A shekara ta biyu aka kwashe mazan ɗakin aka tura su bakin daga, sai aka fara shigo da fursunoni su cike gurbin. A teburin da ke hannun hagun Zenzi aka zaunar da wani dattijo dogo, an aske masa kai, wuyansa kamar sillen kara. Sunansa Bohumil Shafranek, mutumin ƙasar Cek ne, daga wani gari da tangaran ne abincinsu tun kaka da kakanni. Shekara talatin ya yi yana haɗi kafin a kama shi saboda sauraron rediyon ƙasar waje. An gargaɗi 'yan matan cewa duk wadda ta yi magana da fursuna, ita ma za ta kwana a bayan waya. Akwai soja a bakin ƙofa da bindiga.

A lokacin barewa ce ta addabi Zenzi. Duk wadda ta haɗa sai ƙafar baya ta tsage a tanderu, har shugaban ɗakin, wani tsoho mai kurman kunne ɗaya, ya fara yi mata kallon banza. Wata rana tana cikin aiki ta ji murya ƙasa-ƙasa daga hagunta.

"Ruwa ya yi miki yawa, 'yar nan. Matse soson. Ki bar ƙafar ta sha iska, ki ƙirga ashirin, sannan ki manna."

Ta waiga. Mutumin yana kallon aikinsa, leɓensa ko motsi ba ya yi. Ta matse soson. A wannan makon ko ɗaya ba ta tsage ba.

Daga nan suka koyi magana ba tare da kallon juna ba, kalma biyu yanzu, uku an jima, idan injin markaɗen yumɓu ya tashi da ƙara. Ta lura duk barewar da ya haɗa, yakan ɗan karkatar da kunnen hagu baya, kaɗan dai, yadda sai mai sana'a zai gani.

"Baba, me ya sa kake juya mata kunne?"

"Kin taɓa ganin barewa mai rai da kunnuwa biyu a miƙe kamar cokula? Kullum ɗaya yana sauraron abin da ke bayanta."

Ya gaya mata yana da 'ya guda ɗaya, Jarmila, shekararta tara lokacin da aka tafi da shi. "Yanzu ta kusa kamo kafaɗarki," in ji shi, "in dai ana ba ta abinci."

Ranar da Zenzi ta fara ajiye dafaffen dankali a ƙarƙashin tsumman da ke tsakanin teburansu, bai taɓa shi ba. Kwana uku tana mayar da shi gida. A na huɗu ta ce, "Baba, uwata ta fara tambaya ko dankalinta ne ba daɗi." Kafaɗarsa ta ɗan girgiza, ta gane dariya yake yi. Da ta ɗaga tsumman da yamma babu komai.

Akwai wani fursuna da yake ɗaukar katakai zuwa tanderu, magidanci mai tabo a goshi. Wata safiya santsi ya kwashe shi, dawakai takwas suka tarwatse a ƙasa. Sojan ƙofa ya rufe shi da duka da gindin bindiga a nan tsakiyar ɗaki, taku uku daga teburin Zenzi. Ba ta ɗaga kai ba. Ta ci gaba da kankare layin da ke bayan ɗan ragon da ke hannunta har aka ja mutumin aka fita da shi. Ba a sake ganinsa ba, kuma ba ta taɓa sanin sunansa ba. Har ta tsufa takan ce ragon nan ya fito lafiya lau, babu ko ƙwarzane, kuma wannan ne abin da ta kasa yafe wa hannunta.

Sanyin ƙarshen 1944 ya yi tsanani. Ana tsayar da fursunoni awa biyu, wani lokaci uku, a cikin dusar ƙanƙara kafin a kawo su aiki. Yatsun Bohumil suka kumbura suka yi shuɗi, biyu suka daina lanƙwasuwa, hannun ya fara rawa. Sai ya ɗauki kunnen barewa ya kai shi wurin mannawa, ya suɓuce. Kowa a ɗakin ya san ƙa'ida: wanda katakonsa ya cika ɓarna za a mayar da shi aikin haƙa a ramin tsakuwa. Mai shekara hamsin da biyar ba ya yin wata ɗaya a ramin tsakuwa.

Da tsakar rana ana fitar da fursunoni tsakar gida a ba su ruwan miya, 'yan mata kuma su tafi ɗakin cin abinci. Zenzi ta ce sanyi yana tayar mata da ciwon kai, ta fi son ta ci burodinta a teburi. Da ɗakin ya watse sai ta jawo katakonsa, ta manna ƙafafu da kunnuwan da ya kasa, ta karkatar da na hagu kamar yadda yake yi, don kada a ga hannu ya sauya. Da ya dawo ya ga aikin, ya daɗe yana kallo.

"Kada ki ƙara," ya ce. "In an kama ki fa?"

"Kai dai ka yi kankara, ka bar min haɗi."

"Ke yarinya ce, ba ki san mutanen nan ba."

"Na san su, Baba. A gabana aka yi na mai tabo."

Wata huɗu suna haka. Shi yana kankare manyan layuka da hannu biyu, ita tana yin aikin mutum biyu, tana komawa gida wuyanta a sandare. Wata rana da tsakar rana ta ji mutum a bayanta. Shugaban ɗakin ne, ya dawo ɗaukar hularsa. Ya dubi katakon, ya dubi lambar da ke jiki, ya dubi yatsunta da suka yi fari da yumɓu.

"Yarinya," ya ce, "kunnena ne ya mutu, ba idona ba. In kin gama ki riƙa goge teburinsa, kina barin sawun gwiwar hannunki."

Ya ɗauki hularsa ya fita, bai ƙara tayar da maganar ba.

Da bazara ta shigo gawayi ya ƙare, tanderu ya mutu, aka sallami ma'aikata. A ranar ƙarshe, tana naɗe rigar aikinta, Bohumil ya ce, "Tafi gida, 'yar nan. Ki gaishe da uwarki, ki ce dankalinta ya yi daɗi." Wannan ne karo na farko da ya dube ta ido cikin ido. Bayan 'yan makonni aka ji an kora dubban fursunoni a ƙafa zuwa kudu, wajen duwatsu, kuma da yawa sun faɗi a hanya. Da sojojin Amurka suka shigo, suka tara mutanen gari suka kai su cikin sansanin su ga abin da aka yi a bayan katangarsu. Mata da yawa sun rufe fuska da gyale. Zenzi ta bi gawawwakin ɗaya bayan ɗaya tana duba fuskoki. Ba ta gan shi ba. Da ta koma gida ta ɗauko kare da ɗan rago na tangaran da aka ba ta kyautar Kirsimeti a wurin aiki, ta farfasa su da shebur ɗin ubanta, ta binne a bayan akurkin kaji.

Bayan yaƙi babu gidan da kwanukansa suka cika, kuma babu inda za a sayo sababbi. Maƙwabciya ta kawo mata butar shayi da ta fashe, ta manne ta, wata ta gani ta kawo nata. Haka sana'ar ta fara. Da abubuwa suka daidaita wata masana'anta a Munich ta aiko tana nemanta, ta ce a'a, ta gama yin sabon abu, gyara kawai za ta yi.

A 1949 ta auri Korbinian Wimbauer, ma'aikacin jirgin ƙasa mai ɗingishi da yawan barkwanci, wanda yakan ce ya auri mace ɗaya tilo a Bavariya da in ta fasa masa kai za ta iya mannewa. Suka haifi 'ya ɗaya, Irmgard. Sau ɗaya ta ba shi labarin masana'antar, wata Lahadi suna tafiya a bakin kogi bayan coci. Ta faɗi na dankali, ta faɗi na katako, ta faɗi na mai tabo. Korbinian, wanda ya yi shekara uku a yaƙin Rasha, ya saurare ta har suka kai gada.

"Kin yi wanda kika yi, kin bar wanda kika bari," ya ce. "Ni ma ina da nawa, kuma nawa ya fi naki nauyi." Ya kama hannunta ya saka a aljihun kwat ɗinsa, suka juyo gida.

Sau biyu tana rubuta wa masu neman waɗanda suka ɓace a yaƙi. Amsar farko ta ce ba a sami sunan ba. Ta biyu ba ta zo ba. An rufe iyakar ƙasar Cek da waya da sojoji, kuma ita ba ta ma tabbatar da yadda ake rubuta sunan a harshensu ba. Ta saddaƙar ya mutu a hanyar duwatsu. Duk shekara a watan Afrilu takan kunna kyandir biyu a coci, ba ta gaya wa kowa na su wane ne ba.

Korbinian ya rasu a 1983. Bayan shekara biyar, wata Talata da hantsi, wata mota mai ƙyalli ta tsaya a ƙofar gidanta. Mutumin da ya fito zai yi shekara arba'in, da kwat mai kyau da akwati a hannu. Ya ce sunansa Ewald Lindinger, yana da shagon kayan da a Munich. Ya buɗe akwatin, ya warware auduga, ya ajiye 'yar barewa fara a kan teburinta. Ɗaya daga cikin ƙafafun gaba ta karye.

Zenzi ba ta juya ta ba, don ba ta bukatar ganin ƙasanta.

"Mama, an ce ke kaɗai kika rage a cikin waɗanda suka yi aiki a can," ya ce. "Gyara nake so. Sannan ki rubuta min 'yar takarda cewa ta ainihi ce. Jabu sun yi yawa a kasuwa, masu saye suna son shaida."

"Su wane ne masu sayen?"

"Masu tara kayan tarihi. Daga Amurka, daga Ingila, har da nan gida. Wasu kyawun aikin suke so." Ya ɗan yi tari. "Wasu kuma tambarin."

Ya faɗi abin da zai ba ta, wanda ya fi fanshonta na wata uku. Ita kuwa kunnen hagu take kallo. Ya karkata baya, kaɗan dai. Ta cire tabarau ɗaya ta goge, ta mayar.

"Zauna, ɗana. Kofi ko shayi?"

Ta ba shi labarin yana riƙe da kofin har ya huce. Sannan ta ce, "Ƙafar zan gyara, don ba ita ta yi laifi ba. Takarda ma zan rubuta. Zan ce fursuna ne ya yi ta, mai suna kaza, da yatsun da sanyi ya cinye, da soja a kansa. In kuma ba shi ba ne, ni ce na yi ta a madadinsa. Ni kaina ba zan iya bambancewa ba."

"Mama, masu saye ba irin wannan takardar suke nema ba."

"Na sani. Ita kaɗai gare ni."

Ya naɗe barewarsa ya yi sallama cikin ladabi. Ta ɗauka shi ke nan. Bayan mako uku sai ga shi ya dawo, wannan karon ba kwat, ya ajiye akwatin ya zauna tun ba a ce ya zauna ba.

"Na sami mai saye," ya ce. "Ya zo shago, ya juya ta, ya shafa tambarin da babban yatsa yana murmushi. Sai na ji kaina ina cewa an riga an saya." Ya shafa ƙeya. "Matata ta ce na haukace. Rubuta takardar, Mama. Na yi magana da mutanen gidan tarihin garinku, za su ajiye ta tare da abin da kika rubuta."

Kwana biyu ta yi tana rubutun, layi bakwai kacal. A ƙarshe ta sa: "Ni Kreszenz Wimbauer na yi aiki a wurin shekara biyar da son raina, ana biyana albashi." Irmgard, wadda a lokacin take aikin jinya a Munich, ta zo ranar Asabar ta karanta a tsaye.

"Mama, wannan layin na ƙarshe fa? Duk garin nan za su karanta. Ki sa nasa sunan kawai mana."

"In na sa nasa na ɓoye nawa, na ƙara barinsa shi kaɗai a ɗakin."

"Yarinya ce ke lokacin. Shekararki goma sha shida."

"Na shiga ina goma sha shida, na fito ina ashirin da ɗaya. Ina da ido duk tsawon lokacin."

Irmgard ta ajiye takardar ta fita lambu. Da ta dawo idonta ya yi ja, ta ce akwai kuskuren rubutu a layi na uku, ta zauna ta kwafe mata da hannunta mai kyau.

An yi 'yan maganganu a gari. Wasu tsofaffi biyu suka daina kawo mata gyara, wani ya tsallaka titi da ya hango ta. Amma wata tsohuwa da suka yi aiki a ɗaki ɗaya, wadda shekara arba'in ba su wuce gaisuwa ba, ta zo da kek ɗin tuffa ta zauna awa biyu. Ba su yi zancen komai ba sai ciwon gwiwa.

Aka buɗe iyaka a ƙarshen 1989. A kakar shekarar da ta biyo baya, Zenzi tana tsinke wake a lambu, ta ga wata mata doguwa mai furfura ta tsaya a bakin shinge, da jaka a rungume a ƙirji. Tun kafin matar ta buɗe baki Zenzi ta ga wuyan, ta ga yadda kafaɗun suka ɗan ranƙwafa. Ta ajiye kwanon waken a ƙasa a hankali.

"Ke ce Zenzi?" matar ta tambaya da Jamusanci mai nauyi. "Wani malamin makaranta daga garinmu ya kawo ɗalibai nan, ya ga sunan babana a gidan tarihi. Ni ce Jarmila."

Suka shiga ɗakin girki. Zenzi ta ɗora ruwa, ta manta ba ta kunna wuta ba. Ta juya baya tana neman kofuna, ta yi tambayar tana fuskantar kabad.

"A ina ya faɗi?"

"Bai faɗi ba. Ya dawo gida."

Zenzi ta dafa kabad ɗin.

"A watan Yuni ya iso, a bayan motar gawayi. Ban gane shi ba, na ɓuya a bayan uwata. Ya rayu har 1961. An yanke masa yatsu biyu, bai sake taɓa yumɓu ba, ƙudan zuma ya koma kiwo. Ya ga aurena, ya ɗauki ɗana na fari." Jarmila ta buɗe jaka ta fito da hoto: tsoho dogo da hular saƙa, yana tsaye a gaban amya, yana hararar mai ɗaukar hoton. "Ba ya zancen sansani, ko kaɗan. Abu ɗaya kawai yake faɗa, cewa wata yarinya ta ara masa hannuwanta tsawon sanyi guda. Zenzi kawai ya sani, bai san sunan gidanku ba. Ya rubuto wasiƙa sau uku, ana dawo da ita."

Zenzi ta zauna, ta ɗora hannuwanta a kan teburin. Sun tsufa, gaɓoɓin sun kumbura, gam ya bushe a gefen farce. Jarmila ta miƙo nata ta rufe su.

"Shekara goma sha shida ya ƙara," in ji Zenzi daga baya.

"Goma sha shida da wata huɗu."

"Ni kuwa ina ta kunna masa kyandir yana can yana shan zuma." Ta yi dariya, hawaye na bin kumatunta. Sai kuma ta ce, "Akwai wani mai tabo a goshi, yana ɗaukar katakai. Bai taɓa faɗin sunansa ba?"

Jarmila ta girgiza kai. Zenzi ta gyaɗa nata, ta tashi ta kunna wutar.

Da bazara ta zagayo Irmgard ta kai ta ƙasar Cek a mota, karo na farko da Zenzi ta fita daga Bavariya. Ta tsaya a kan kabarin, ta gaishe shi da "Baba" kamar da, ta gaya masa ita ma yanzu ta tsufa, har ta girme shi a yadda ta san shi. Sannan ta sunkuya ta cire ciyawar da ta fito a gefen dutsen.

Daga wannan shekarar, duk kaka Jarmila takan zo ta yi mako guda a gidan da ke bayan tasha. Tsofaffin biyu suna zama a lambu suna ɓare wake, suna musu a kan wace ƙasa ce ta fi iya dafa kabeji. Jarmila ta ce na Bavariya ruwa ne tsululu, Zenzi ta ce na Cek sukari ya kashe shi. Kowace takan dafa nata, su ci duka biyun, babu mai sallamawa. Da idon Zenzi ya fara dushewa ta daina karɓar gyara, Jarmila ce take karanta mata jarida da Jamusancinta mai nauyi, Zenzi tana gyara mata kalmomi, ita kuma tana cewa ai ba ita ta ƙirƙiro harshe mai wuyar tauna haka ba.

Zenzi ta rasu a farkon 2001, tana da shekara saba'in da shida, bayan jinyar mako biyu. Jarmila ta hau bas na awa biyar cikin sanyi, ta iso ana dab da shiga coci. Irmgard ta kama hannunta ta kai ta layin gaba, inda dangi suke zama. Limamin sabo ne a garin, bai san ta ba. Ya sunkuyo ya tambayi Irmgard a hankali ko baƙuwar wace ce, don ya ambace ta a cikin masu ta'aziyya.

"Ba baƙuwa ba ce," in ji Irmgard. "Ƙanwar mahaifiyata ce."